YADDA A KE KOYA WA 'YAN MAKARANTA RUBUTUN MUHAWARA

An shirya wannan ɗan littafi domin malaman da ke koyar da insha'i a manyan azuzuwan firamare da makarantun sakandare, da kuma ɗaliban da su ke son su taimaki kansu. Abin da za mu duba shi ne irin insha'in nan da a ke kira na muhawara, watau wanda a ke ba yaro wata magana mai fuska biyu, a ce ya zaɓi gefe guda, ya rubuta dalilan da za su sa mai karatu ya yarda da shi.

Malamai da yawa sun shaida, yaron da ya iya ba da labarin ranar kasuwar garinsu tsaf, in aka ce ya rubuta muhawara sai ya rikice. Ko dai ya cika takarda da "lalle" da "babu shakka" ba tare da dalili ko ɗaya ba, ko kuwa ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce wannan da kyau, wancan ma da kyau, har takarda ta ƙare ba a san inda ya tsaya ba. Yawanci ba rashin basira ke jawo haka ba, ba a dai nuna masa yadda a ke yi ba ne.

Kada kuwa a zaci wannan aikin jarrabawa ne kurum. Yaron da ke zaune a aji yau, gobe shi ne zai rubuta wa hukuma takarda a kan a haƙa wa ƙauyensu rijiya, ko ya tashi a majalisa ya kāre haƙƙin waɗanda suka zaɓe shi. A shekarar 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda asalin aikinsa koyarwa ne a Bauchi, ya tashi a majalisa a Kaduna ya kawo batu a kan a duba tsarin mulkin En'e a gyara shi. Magana ce mai nauyi ƙwarai a wancan zamani, amma ya jera dalilansa ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Aka yi bincike, gyare-gyare suka biyo baya, har aka kai ga sabuwar Dokar En'e ta 1954. Irin wannan iya magana a aji a ke fara koyonta.

1. BAMBANCIN MUHAWARA DA MUSU

Abu na fari da malami zai fahimtar da yara shi ne muhawara dabam, musu dabam. Masu musu, wannan ya ce "haka ne", wancan ya ce "ba haka ba ne", wanda ya fi ƙarfin murya ko yawan magoya baya shi ke ganin ya ci. A kan takarda kuwa babu murya, babu magoya baya. Hujja kaɗai ke aiki.

Hanya mafi sauƙi ta bayyana wannan ita ce a tuna wa yara yadda shari'a ta ke gudana a gaban alƙali. Mai ƙara ya kan faɗi da'awarsa a fili. Sa'an nan a ce ya kawo shaidu, gama shi ne ya zo da magana, tabbatar da ita a wuyansa ya ke. A kan ba wanda a ke ƙara dama ya soki shaidun. Kafin a yanke hukunci kuma, alƙali ya kan tambaya ko da sauran wata magana da ba a ji ba, abin da malaman shari'a ke kira i'izari.

To, mai rubutun muhawara shi ne mai ƙara, mai karatu shi ne alƙali. Amma akwai bambanci guda babba: wanda a ke ƙara ba ya nan. Saboda haka tilas mai rubutu ya tashi da kansa ya faɗi abin da abokin gardamarsa zai ce in da yana wurin, sa'an nan ya amsa. Wannan shi ne ƙashin bayan darasin nan duka, kuma shi ne abin da yara suka fi bari.

2. ZAƁEN BATU

Ba ko wace magana ce ta ke yin muhawara ba. In malami ya ce a rubuta a kan "Sata ba ta da kyau", ya ba da aikin wa'azi ne, domin babu mai hankalin da zai tsaya a ɗaya gefen. Haka kuma abin da bincike ya riga ya yanke. Da can mutane sun yi ta gardama a kan ko lambar rigakafi tana hana agana, har waɗansu na ɓoye 'ya'yansu in masu lamba sun shigo gari. Amma a shekarar 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa an kawar da agana daga duniya ɗungum, da taimakon lambar nan. Gardama ta ƙare.

Batun kirki shi ne wanda mutane biyu masu hankali da sanin ya kamata za su iya saɓawa a kansa, wanda kuma yaro ya san wani abu game da shi daga zamansa na yau da kullum. Ga misali: ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo? Ko ya kamata a hana yara talla a lokacin makaranta? Ko ya fi kyau manomi ya sayar da amfanin gonarsa da kaka, ko ya ajiye sai bazara?

3. DA'AWA

Kafin yaro ya fara insha'i, malami ya sa shi ya rubuta matsayinsa cikin jimla ɗaya tak a kan wata 'yar takarda. In ya kasa, to bai shirya ba tukuna. Jimlar nan kuwa ta zama mai iyaka. Dubi waɗannan biyu:

(a) Talla ba ta da kyau.
(b) Ya kamata a hana yara 'yan ƙasa da shekara 12 talla a lokutan da a ke cikin aji.

Ta fari faɗinta ya yi yawa. Da wani ya nuna dattijuwa guda da ke ciyar da marayu da tallar ƙosai, shi ke nan ta rushe. Ta biyu kuwa ta faɗi su wa a ke nufi, da lokacin da a ke nufi, da abin da a ke so a yi. Wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa ba ya kai shi gida. A koya wa yara su yi hankali da kalmomin nan: "duk", "kullum", "ko kaɗan", "har abada". Sau da yawa "yawanci" ko "a wurare da dama" sun fi kusa da gaskiya, sun kuma fi sauƙin kārewa.

4. HUJJA

Hujjojin da yaro zai iya kawowa iri huɗu ne. Akwai abin da ya gani da idonsa, ko ya ƙirga da kansa, kamar yawan kujerun da ke zama ba kowa a ajinsu ran kasuwa. Akwai abin da ya faru a tarihi, wanda a ke iya faɗin wurinsa da shekararsa. Akwai maganar masana, muddin dai an faɗi ko su wane ne, kuma a fannin da suka sani su ke magana. Likita shaida ne a kan zazzaɓi, amma a kan farashin gero ɗan kasuwa ya fi shi. Akwai kuma dalili na hankali, watau a nuna in abu kaza ya tabbata, lalle abu kaza zai biyo baya.

A nan sai malami ya tsananta a kan abu guda: kada yaro ya ƙaga lissafi. Yara su kan rubuta "kashi 90 cikin 100 na mutane sun yarda" alhali kuwa ba wanda ya ƙirga. Wannan shaidar zur ce. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Da mai karatu ya kama ɗaya, sauran hujjojin na gaskiya ma ba zai ƙara amincewa da su ba.

Karin magana fa? Tana ƙara wa zance armashi, amma ba ta zama shaida. Mai cewa a yi gaggawa zai ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, mai cewa a dakata zai ce sannu ba ta hana zuwa. Ko wanne ya sami tasa. Sai a sa ta bayan an kafa hujja, kamar yadda a ke sa gishiri bayan an sami abin miya.

5. HUJJAR ABOKIN GARDAMA

Yaro ya kan ji tsoron ambaton hujjar ɗaya gefen, yana ganin kamar ya ba abokin gaba makami ne. Sai malami ya nuna masa mai karatu ba wawa ba ne. Ko an ɓoye masa hujjar nan, zai tuno ta da kansa, ya ce a ransa, "Wannan marubuci ko dai bai san ta ba, ko kuwa ya sani yana gudu." Ko wanne ya zata, an yi hasara.

Magabata ba su yi wannan gudu ba. A zamanin jihadi, Shehu Muhammadu Laminu na Barno ya aika wa shugabannin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wasiƙu yana tuhumarsu a kan dalilin yaƙar Barno. Hujjarsa ita ce mutanen Barno Musulmi ne masu salla da azumi, aikata saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga addini. Muhammadu Bello, tun bai zama Sarkin Musulmi ba, ya amsa masa, yana kafa hujja da taimakon da sarakunan Barno suka ba sarakunan Hausa a kan jama'a. Ba aikinmu ba ne a nan mu yanke wanda ya fi gaskiya. Abin lura shi ne, sa'ad da Bello ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri a shekarar 1812, ya sa maganar Shehu Laminu a ciki tare da tasa amsar. Don haka har yau mai karatu yana iya auna su biyun da kansa.

Ga yadda malami zai koyar da wannan a aji. Ya ja layi ya raba allo biyu, ya rubuta "Na yarda" a dama, "Ban yarda ba" a hagu. Yara su yi ta kawo dalilai, yana rubutawa, ba ya nuna wanda ya fi so. In allo ya cika, ko wane yaro ya zaɓi gefensa. Sa'an nan malami ya ce, "Aikin yau, kowa ya rubuta sakin layi ɗaya yana kāre gefen da bai zaɓa ba." Kashegari a haɗa yara biyu-biyu masu saɓanin ra'ayi, su yi musayar takardu. In Audu ya karanta abin da Binta ta rubuta a madadinsa, ya ce, "I, abin da na ke nufi ke nan," to Binta ta ci. In ya ce, "A'a, ba haka na ke cewa ba," sai ta sake.

Dalilin wannan wahala shi ne yara su kan zaɓi mafi raunin hujjojin abokin gardama, ko su ƙaga masa wata maganar wauta da bai faɗa ba, su rushe ta, su yi ta murna. Wanda ya kā da mutum-mutumin gona bai yi kokawa ba. Mafi ƙarfin hujjar ita a ke nema. Amsarta kuwa hanya uku ce: ko a nuna ba gaskiya ba ce, ko a yarda gaskiya ce amma a nuna wani abu ya fi ta nauyi, ko kuwa a yarda da ita sarai, a rage da'awa ta yi daidai da ita. Hanya ta uku ba faɗuwa ba ce. Sau da yawa ita ce ke sa mai karatu ya amince da marubuci.

6. TSARI

In an tara kaya, jera su ba wuya. Sakin layi na fari ya gabatar da batu, ya faɗi da'awa. Biyu ko uku na tsakiya, ko wanne ya ɗauki hujja guda da shaidarta. Kada a cusa hujja biyu a sakin layi ɗaya. Sa'an nan hujjar abokin gardama da amsarta. Na ƙarshe ya faɗi abin da ya tabbata bayan an ji ɓangarorin biyu, da abin da a ke so a yi. Kada a shigo da sabuwar hujja a nan, gama an riga an rufe jin shaidu.

Ga misali gajere, wanda malami zai iya rubutawa a allo:

"Da wane harshe ya kamata a koyar da yaran firamare? Ni a ganina, a duk inda yawancin yaran aji harshensu ɗaya ne, ya kamata a koya musu darussa da harshen nan, a riƙa koyar da Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa tun daga aji ɗaya.

"Dalilina na fari shi ne yaron da a ke koya wa lissafi da harshen da bai iya ba, kaya biyu aka ɗora masa a lokaci guda: ya gane harshen, ya kuma gane lissafin. In ya kasa, malami ba zai san wanne ne ya kā da shi ba. Tun a shekarar 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton masana wanda ya ba da shawara a fara wa yaro karatu da harshen uwa.

"Na biyu, an gwada an gani. A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da waɗansu yara da Yarbanci dukan shekaru shida na firamare, aka gwama su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci daga aji huɗu. Yaran Yarbancin ba su kasa 'yan'uwansu a Turanci ba, a waɗansu darussa ma sun fi su.

"Masu saɓa mini za su ce abu biyu. Na ɗaya, yaran gwajin Ife an ba su ƙwararren malamin Turanci da sababbin littattafai, watakila wannan ne ya taimake su. Wannan magana tana da ƙarfi, na kuwa karɓe ta. Abin da ta nuna shi ne harshen gida shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da malamin Turanci na kirki da littattafai, ni ma kuwa abin da na ke nema ke nan. Na biyu, za su ce harsunan Nijeriya sun fi 500, aji ɗaya a Kaduna ko Jos yana iya tara yara masu harsuna barkatai. Gaskiya ne, shi ya sa na iyakance maganata ga wuraren da yawancin yara harshensu ɗaya.

"Saboda haka ina roƙon hukumomin ilmi su fara da irin waɗannan wurare, su kuma tanadi littattafai da malamai kafin a soma."

Malami ya sa yara su nuna da yatsa inda da'awa ta ke, da inda ko wace shaida ta ke, da inda marubucin ya ba da kai. Daga nan ya nemi wani ya rubuta amsa daga ɗaya gefen, gama batun bai rufu ba.

7. RAMUKAN DA A KAN FAƊA

Akwai kurakurai huɗu da suka fi yawa a takardun yara.

Na ɗaya, a bar magana a kama mai magana: "Masu wannan ra'ayi jahilai ne." Ko da jahili ne ya ce rijiyar nan ta ƙafe, sai an leƙa a ke sanin ko ta ƙafe.

Na biyu, a ɗauki misali guda a yanke wa duniya hukunci: "Kakana ya sha taba har ya shekara casa'in, saboda haka taba ba ta cutarwa." Ba a lissafa waɗanda ba su kai hamsin ba.

Na uku, a ga abu ya biyo bayan abu, a ce shi ya jawo shi. In an yi husufin wata yara su kan fita suna kaɗa gwangwani, can an jima wata ya washe. Amma inuwar duniya ce ta faɗa a kansa, kuma ko an kaɗa ko ba a kaɗa ba za ta wuce.

Na huɗu, a maimaita da'awa da waɗansu kalmomi a ce hujja ce: "Makarantar kwana ta fi kyau domin ta fi amfani." An dawo inda aka tashi.

8. DUBA TAKARDU

Malami ya yi hattara kada ya ba da maki saboda yaro ya faɗi abin da shi ya ke so. Yaron da ya saɓa wa malaminsa da hujja mai kyau ya fi wanda ya bi shi ba dalili. In yara suka gane ra'ayin malami a ke saka wa, daga ran nan za su bar tunani su koma karatun fuskarsa.

Ga wata shawara ta rabon maki 20: da'awa bayyananniya, 3, hujjoji da shaidu, 6, hujjar abokin gardama da amsarta, 5, tsari, 3, kyawun harshe da ƙa'idojin rubutu, 3. A gefen takarda kuma, maimakon a rubuta "ba kyau", gara a rubuta tambaya: "Ina shaidarka?" ko "Me mai talla za ta ce a nan?" Tambaya ta kan sa yaro ya koma ya gyara da kansa.

AIKIN YI

1. Gyara waɗannan su zama da'awa mai iyaka: (a) Birni ya fi ƙauye. (b) Duka ba ya gyara yaro.

2. Zaɓi batu ɗaya daga cikin ukun da aka ambata a kashi na biyu. Rubuta hujja uku na ko wane gefe, ka ja layi a ƙarƙashin wadda ta fi ƙarfi a gefen da ba naka ba.

3. Nemi wata wasiƙar mai karatu a jarida, ka nuna da'awarta da shaidunta, ka duba ko marubucin ya faɗa ɗaya daga cikin ramukan nan huɗu.

4. Rubuta cikakken insha'i, sakin layi biyar ko shida, ka ba wanda bai yarda da kai ba ya karanta kafin ka kai wa malam.